Shekaru takwas na Obama a majalisar dattawan jihar Illinois, waɗanda masu misali da shi suke tsallakewa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu domin in yi tsokaci a kan wata magana da ta zama ruwan dare a bakin matasanmu masu sha'awar siyasa, wadda na sake ji kwanan nan a majalisar da muke zama bayan sallar isha'i. Wani matashi mai ilimi da iya magana ya bayyana mana cewa kujerar sanata yake hange, da dattawan wurin suka ba shi shawarar ya fara gwada ƙarfinsa a majalisar dokoki ta jiha, sai ya amsa da cewa ai Barack Obama ma jawabi ɗaya ya yi a 2004, duniya ta san shi, bayan shekara huɗu ya zama shugaban Amurka. Ban tanka masa a wurin ba, saboda amsar ta fi ƙarfin hirar dare, amma na ga ya dace in rubuto ta domin amfanin sa da ire-irensa.

A ranar da Obama ya yi wannan jawabi a babban taron jam'iyyarsa ta Democrat a birnin Boston, wato 27 ga Yuli 2004, muƙamin da yake riƙe da shi shi ne sanatan jiha a Illinois, kuma yana cikin shekararsa ta takwas a kan kujerar. Kalmar tana iya rikita mai karatu a nan gida, domin a Najeriya duk wanda aka kira sanata ɗan majalisar tarayya ne, ɗaya daga cikin 109 da ke zama a Abuja, kuma kowace jiha majalisa ɗaya take da ita. A Amurka kuwa jihohi 49 daga cikin 50 suna da majalisu biyu, ta wakilai da ta dattawa, jihar Nebraska ce kaɗai ta tsaya a kan ɗaya. Dattawanmu za su tuna cewa a Jamhuriya ta Farko ita ma Jihar Arewa majalisu biyu gare ta a Kaduna, ta wakilai da ta sarakuna, ko da yake ba da zaɓe ake shiga ta sarakunan ba. Majalisar dattawan Illinois tana da mambobi 59, tana zama a Springfield, babban birnin jihar, kuma Obama ya wakilci mazaɓa ta 13 da ke kudancin birnin Chicago, yankin da mafi yawan mazaunansa baƙaƙen fata ne. An rantsar da shi a watan Janairu 1997 yana ɗan shekara 35, bai bar kujerar ba sai a Nuwamba 2004.

Yadda ya hau kujerar tun farko shi ne abin da masu yabonsa ba su cika son a tono ba. Wadda take kan kujerar, Alice Palmer, ta yanke shawara a 1995 cewa za ta nemi majalisar wakilai ta tarayya a wani zaɓen cike gurbi, kuma ita da kanta ta gabatar da Obama ga jama'a a matsayin wanda take so ya gaje ta. Sai dai zaɓen bai yi mata kyau ba, domin a ƙarshen Nuwamba na wannan shekara Jesse Jackson ƙarami ya lashe zaɓen fidda gwani, ita kuwa ta zo ta uku. Magoya bayanta suka nemi Obama ya janye ya mayar mata da kujerarta, ya ce atafau, yana mai kafa hujja da cewa ya riga ya tara mutane da kuɗi bisa alkawarin da ta yi masa. A dokar Illinois, mai neman tsayawa takara sai ya kawo takarda ɗauke da sa hannun wani adadi na masu rajistar zaɓe a mazaɓarsa, kuma a wancan lokaci sa hannu 757 ake buƙata. Palmer ta tattara nata cikin gaggawa, ta kawo kusan ninki biyu na abin da ake nema, amma mutanen Obama suka zauna a ofishin hukumar zaɓe suka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, suna fitar da waɗanda ba su cikin rajista da waɗanda ba mazauna mazaɓar ba ne, har abin da ya rage mata ya gaza adadin da doka ta gindaya. Haka suka yi wa sauran mutum uku da suka fito, sai ya zamana ranar zaɓen fidda gwani na jam'iyyar Democrat sunan Obama ne kaɗai a kan takarda.

Ban ga inda ya karya doka ba, kuma ban yarda da masu kiran abin maguɗi ba, domin wanda ya kawo takardun da ba su cika ba shi ya jawo wa kansa. Amma akwai abin lura a ciki, tunda wannan mutumin ne a 1992 ya jagoranci gangamin da ya yi wa dubban talakawan Chicago rajistar zaɓe, sai ga shi bayan shekara huɗu ya shiga majalisa ta hanyar da ta hana waɗannan talakawa zaɓi tsakanin mutum biyu. Mu da muka ga yadda hukuncin Kotun Ƙoli na Mayu 2019 ya kwashe kujerun jihar Zamfara daga hannun jam'iyyar da ta fi yawan ƙuri'a saboda rashin sahihin zaɓen fidda gwani, mun san cewa ana iya gama zaɓe a kan tebur, kuma mun san irin ɗacin da hakan yake bari a zukatan mutane ko da hukuncin yana kan ƙa'ida. Babban zaɓen Nuwamba 1996 bai zama wani abin a zo a gani ba, saboda mazaɓar ta 'yan Democrat ce gaba da baya: ya samu kashi 82 cikin 100. A 1998 ya sake tsayawa ya samu kashi 89, a 2002 kuwa babu ma wanda ya fito ya kara da shi. Duk wanda ya kalli waɗannan alƙaluma kaɗai zai ɗauka gwarzon zaɓe ne da ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba, alhali kuwa a duk zaɓukan uku bai gamu da abokin karawa na gaske ba.

Karon farko da ya gamu da irin wannan abokin karawa, kashi ya sha. A shekarar 2000 ya nemi ya karɓe kujerar majalisar wakilai ta tarayya daga hannun Bobby Rush, tsohon jagoran ƙungiyar gwagwarmayar baƙaƙen fata ta Black Panther a Illinois, wanda yake kan kujerar tun 1993. Obama ya yi lissafin cewa Rush ya yi rauni, tunda a farkon 1999 ya nemi kujerar magajin garin Chicago ya faɗi warwas a hannun Richard Daley. Lissafin bai yi la'akari da abubuwa da dama ba. A watan Oktoba 1999 aka harbe ɗan Rush har lahira, tausayin jama'a ya koma kansa. A ƙarshen Disamba kuma aka kira zaman gaggawa a Springfield domin kaɗa ƙuri'a a kan wata doka ta taƙaita riƙe bindiga, Obama yana hutu a Hawaii tare da iyalinsa, bai dawo ba saboda ƙaramar 'yarsa ba ta da lafiya, dokar ta faɗi da 'yar tazara, jaridu suka yi masa ca. Ga shi kuma Rush da mutanensa suna ta nuna shi a matsayin ɗan boko daga jami'ar Harvard, malamin jami'a wanda bai san wahalar unguwa ba, kuma shugaban ƙasa na lokacin, Bill Clinton, ya fito fili ya mara wa Rush baya. A watan Maris 2000 aka ƙirga ƙuri'u, Rush ya samu kashi 61, Obama kashi 30.

Wani abu guda ne ya cece shi, kuma a ganina shi ne darasin da matashin majalisarmu ya fi buƙata. Wa'adin sanatocin Illinois ba iri ɗaya ba ne, a cikin kowace shekara goma kowace mazaɓa tana yin wa'adi biyu na shekara huɗu da guda na shekara biyu, kuma Obama yana tsakiyar wa'adin shekara huɗu ne lokacin da ya tunkari Rush. Saboda haka da ya faɗi, kujerarsa ta jiha tana nan tana jiransa, ya koma Springfield ya ci gaba da aiki. Haka ya sake yi a 2004, ya nemi majalisar dattawa ta tarayya yana tsakiyar wani wa'adin. Bai taɓa sakin reshe ya kama ganye ba, kuma wanda ya ce zai yi koyi da shi ta hanyar tsallake majalisar jiha, ya tsallake ainihin abin da ya riƙe mutumin a lokacin da ƙasa ta zame masa.

Shekaru shida na farko a majalisar, jam'iyyarsa ce marar rinjaye, 'yan Republican ne ke riƙe da shugabanci, kuma ɗan adawa ba ya samun ƙudurinsa ya wuce sai ya iya lallashi. Abu mafi muhimmanci da ya sa hannu a ciki a wannan zamani shi ne dokar ɗa'a ta 1998, wadda ya yi aiki a kanta tare da wani sanatan Republican mai suna Kirk Dillard, bisa ƙarfafawar tsohon sanatan tarayya Paul Simon. Dokar ta hana 'yan majalisa karɓar yawancin kyaututtuka daga masu kamun ƙafa a madadin kamfanoni, ta kuma toshe hanyar da ɗan siyasa yake bi ya mayar da kuɗin yaƙin neman zaɓe na aljihunsa. Wanda ya san sunan da jihar Illinois ta yi wajen cin hanci, jihar da gwamnoninta biyu a jere, George Ryan da Rod Blagojevich, suka ƙare a gidan yari, zai gane cewa wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma ba aikin da zai sa abokan zama su ƙaunace ka ba ne, tunda bakinsu ka taɓa. Ya kuma taimaka wajen kafa rangwamen haraji na jiha ga ma'aikata masu ƙaramin albashi.

Sauyin ya zo ne daga wani wuri da babu ruwansa da iya jawabi. Bayan ƙidayar jama'a ta 2000 sai aka zo sake shata iyakokin mazaɓu, jam'iyyun biyu suka kasa daidaitawa, kuma tsarin mulkin jihar ya tanadi cewa idan aka yi kunnen doki a kwamitin shata iyaka, ƙuri'a ake jefawa domin a fitar da mutumin da zai raba gardama. A 2001 aka zuba sunaye biyu a cikin wata doguwar hula irin wadda Abraham Lincoln yake sawa, aka zaro na ɗan Democrat. Da wannan sa'a jam'iyyar ta zana taswirar da ta ba ta rinjaye a zaɓen 2002, kuma a cikin sabuwar taswirar mazaɓar Obama ta miƙa arewa ta bi gaɓar tafkin Michigan har ta haɗa da wasu unguwannin attajiran Chicago, mutanen da daga baya suka zama masu zuba kuɗi a takararsa. Shugaban majalisar da ya hau a Janairu 2003, Emil Jones, tsohon ɗan siyasar Chicago ne da ya san ciki da wajen harkar, kuma shi ya zama uban gidan Obama. Ya ba shi shugabancin kwamitin lafiya da walwalar jama'a, ya kuma riƙa miƙa masa manyan ƙudurori domin sunansa ya fito, ciki har da waɗanda wasu sanatoci baƙaƙen fata suka daɗe suna wahala a kansu. Ɗaya daga cikinsu, Rickey Hendon, bai ɓoye ɓacin ransa ba a kan cewa shi ya yi noma wani ya zo ya yi girbi. Masu cewa siyasar uban gida cutar Najeriya ce kaɗai, ga misali daga Springfield.

Duk da haka adalci ya wajabta a ce da aka ba shi damar, ya yi aikin da ya cancanci a tuna. Illinois ta shiga wani hali na abin kunya a kan hukuncin kisa, domin daga 1977 zuwa 2000 jihar ta zartar da hukuncin a kan mutum 12, amma an saki 13 daga cikin masu jiran kisa bayan an gano ba a yi musu adalci ba, abin da ya sa gwamna Ryan ya dakatar da zartarwa a Janairu 2000. Wani ɓangare na matsalar shi ne amsa laifi da ake tatsa daga bakin wanda ake tuhuma ta hanyar azaba a ofishin 'yan sanda, kuma an daɗe ana zargin wani rukuni na 'yan sandan Chicago da wannan aiki. Obama ya ɗauki ƙudurin da ya tilasta a ɗauki hoton bidiyo ko murya na duk tambayoyin da za a yi wa wanda ake tuhuma da kisan kai. 'Yan sanda da masu gabatar da ƙara sun ƙi abin da farko, gwamnan jam'iyyarsa ma bai nuna sha'awa ba. Ya zauna da su zama bayan zama, yana karɓar gyare-gyarensu, yana nuna musu cewa faifan zai kare ɗan sanda mai gaskiya daga sharri kamar yadda zai kare wanda ake tuhuma daga duka, har ƙudurin ya wuce a majalisar dattawa babu ƙuri'ar adawa ko ɗaya, aka sa masa hannu a 2003, Illinois ta zama jiha ta farko da ta kafa wannan ta hanyar dokar majalisa. A wannan shekarar kuma aka kafa dokar da ta wajabta wa 'yan sanda rubuta launin fatar duk direban da suka tsayar a hanya, domin a gane ko baƙaƙe ake ware wa. A wurina waɗannan dokoki biyu sun fi jawabin Boston nauyi, ko da yake babu wanda ya haddace su.

Akwai kuma tabon da ya bi shi har takarar shugaban ƙasa. A majalisar Illinois maɓalli uku ne a gaban kowane mamba, kore na amincewa, ja na ƙi, da rawaya wanda ma'anarsa ita ce mutum yana zaune amma bai ɗauki ɓangare ba. Obama ya danna rawayan kusan sau 130 a cikin ƙuri'u wajen 4,000 da ya kaɗa. Wasu daga ciki dabara ce da jam'iyyarsa ta tsara, wasu kuma ya ce yana da ja ne a kan yadda aka rubuta dokar, amma akwai waɗanda ba su da fassara sai ta gudun ɗaukar matsayi a kan batu mai zafi, kuma Hillary Clinton, wadda suka nemi tikitin takarar shugaban ƙasa na jam'iyyarsu tare, ta yi amfani da su ta caccake shi a muhawarar 2008. Sai dai a gefe guda, yana wannan kujerar ce ta jiha ya tsaya a wani gangami a Chicago ranar 2 ga Oktoba 2002 ya yi adawa da shirin mamaye Iraƙi, a lokacin da manyan jam'iyyarsa da yawa a Washington suke shirin amincewa da yaƙin, kuma wannan matsayi ya zama babban makaminsa a kan ita Clinton ɗin bayan shekara shida.

Zaɓen 2004 kansa, wanda ya fitar da shi daga Springfield, cike yake da faɗuwar da ta zo daidai da zama. A zaɓen fidda gwani na Maris, attajirin da yake kan gaba, Blair Hull, wanda ya kashe miliyoyin daloli daga aljihunsa, ya rushe bayan an bankaɗo takardun shari'ar rabuwarsa da matarsa, Obama ya samu kusan kashi 53 a tsakanin 'yan takara bakwai. Ɗan takarar Republican, Jack Ryan, shi ma takardun kotu na rabuwar aure suka tilasta masa janyewa a tsakiyar shekara, jam'iyyar ta rasa yadda za ta yi har ta ɗauko Alan Keyes daga jihar Maryland, mutumin da ba mazaunin Illinois ba ne. Obama ya ci da kashi 70, Keyes ya tashi da 27. Idan aka haɗa lissafin gaba ɗaya, kafin ya nemi shugabancin ƙasa zaɓe biyu ne kawai ya yi masu zafi, ya faɗi ɗaya, ya ci ɗaya.

Abin da ya sa nake iya kawo waɗannan bayanai, ni da nake zaune nesa da Amurka, shi ne an rubuta su an ajiye a inda kowa zai iya dubawa. Kowace ƙuri'a da sanatan jiha ya kaɗa a Illinois tana da sunansa a gefenta, har da ranar da ya danna rawaya da ranar da bai zo ba, shi ya sa 'yan jarida suka iya ƙirga 130 ɗin nan, shi ya sa kuma rashin zuwansa zama guda a Disamba 1999 ya zama abin da ya biya kuɗinsa a akwatin zaɓe. Mu kuwa majalisun jihohinmu, waɗanda tsarin mulki na 1999 ya ce kowace kada ta gaza mambobi 24 kada kuma ta wuce 40, yawancin hukuncinsu da murya ake yanke shi, masu cewa e su ɗaga murya, masu cewa a'a su ɗaga, kakakin majalisa ya buga guduma, a tashi babu wanda zai iya cewa ga inda wane ya tsaya. Waɗannan majalisu su ne ke amincewa da kasafin kuɗin jiha, su ke tantance kwamishinoni, su ke ba gwamna izinin ciyo bashi, kuma sai kashi biyu cikin uku nasu sun yarda kafin a gyara tsarin mulkin ƙasa. Amma idan mamba ya shekara huɗu ko takwas ya fito neman sanata, abin da ake lissafa masa shi ne babura da kekunan ɗinki da buhunan shinkafar azumi, domin babu wata takarda da za a ɗauko a ce ga ƙudurin da ya kawo, ga wanda ya ƙi, ga yawan zaman da ya halarta.

Saboda haka roƙona gare ka, ya Edita, shi ne jaridarka ta ware shafi, ko da sau ɗaya ne a kowane wata uku, ta aika wakilanta na Kano da Kaduna da Katsina da Sakkwato da sauran jihohi su nemo daga ofishin akawun majalisa jerin ƙudurorin da kowane mamba ya gabatar da rajistar halartar zama, a buga su da Hausa, da sunan mamba da mazaɓarsa. Inda aka hana wakilinku takardun, shi ma labari ne, sai a buga cewa an nema an hana, da ranar da aka nema. Shi kuwa matashin majalisarmu, na yi niyyar in kai masa wannan shafi da hannuna idan Allah ya sa ka buga, tare da shawarar ya je ya tambayi kuɗin fom na majalisar jiha.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
daga Zariya